Na koma jami'a bayan shekara bakwai, lissafin guga da rijiya ya tsaya mini a wuya

Mai Faci: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na daɗe ina leƙen abin da kuke tattaunawa ban taɓa cewa uffan ba, yau dai ta kama. Na shiga jami'a a 2016, ina tsakiyar aji biyu a 2018 Allah Ya yi wa mahaifinmu rasuwa. Ni ne babba, ga ƙanne shida, ga shagon taya da faci da ya bari. Na rubuta takardar jingine karatu ta shekara ɗaya, shekara ta zama biyu, korona da dogon yajin aikin 2020 suka shigo, daga nan ban sake waiwayar makaranta ba. Bara na sake zana JAMB, yanzu ga ni a aji ɗaya da mata da 'ya'ya biyu, ina zaune benci ɗaya da sa'o'in autarmu.

Abin da ya kawo ni shi ne PHY 101, kos ɗin fiziks na aji ɗaya, ɓangaren juyi. Abin haushin, wannan kos ɗin na taɓa cin sa da B. Ga tambayar da ta hana ni barci: an naɗe igiya a jikin wani gungumen ƙarfe mai siffar ganga, cikakke ba mai rami ba, kilo 12, daga tsakiyarsa zuwa gefe mita 0.2, yana juyawa a kan sanda babu gogayya. An ɗaura guga mai kilo 4 a bakin igiyar aka sake shi cikin rijiya. A nemo ƙaruwar gudun gugan, wato a. Ita kuma g, ƙaruwar gudun abin da aka saki hannu wofi, an ba mu g = 10. Ni na ce igiya tana ja da 4 × 10 = 40. Ƙarfin murɗawa 40 × 0.2 = 8. Nauyin juyin gangar, I = ½MR² = 0.24, M kilonta, R daga tsakiya zuwa gefe. Na raba 8 da 0.24 na samu 33.3, na ninka da 0.2 na samu 6.67. Amsar da aka ba mu 4 ce. Sau biyar ina maimaitawa. Ko dai ƙwaƙwalwar ce ta yi tsatsa?

Ɗan Aji Biyu: Wa alaikumus salam Yaya. Allah Ya jiƙan Baba. Wannan ai tana da fomula, a = mg ÷ (m + M/2), m kilon guga, M na ganga. Sa lambobinka: 40 ÷ (4 + 6) = 4. Haddace ta kawai, kusan duk shekara sai ta fito.

Malamin Sakandare: Allah Ya jiƙan mahaifi, Ya sa albarka a wannan komawa. Ɗan Aji Biyu, amsarka daidai ce, amma ba ka nuna masa inda ya taka ƙaya ba. Mai Faci, ajiye kalkuleta, tambaya ɗaya zan yi maka. Ka ce igiya tana jan gugan sama da 40. Ƙasa kuma tana jan sa ƙasa da nawa?

Mai Faci: Da 40, Malam.

Malamin Sakandare: To arba'in sama, arba'in ƙasa. Me zai sa guga ya ƙara gudu?

Mai Faci: Innalillahi. Wato da haka ne a tsaye zai tsaya cak.

Malamin Sakandare: Ka gani ke nan. Igiya ba ta ɗaukar dukan nauyin guga sai idan gugan a rataye yake shiru, ko yana sauka da gudun da ba ya canjawa. Muddin gudunsa na ƙaruwa, jan igiyar bai kai 40 ba. Saboda haka kar ka ba shi lamba, kira shi T. Ka zana guga shi kaɗai: 40 − T = 4a. Ka zana gangar ita kaɗai: T × 0.2 = 0.24 × α, α ɗin ƙaruwar saurin juyinta ce. Igiya ba ta zamewa, don haka α = a ÷ 0.2, wanda ya ba ka T = 6a. Mayar da shi sama: 40 = 10a. Ga 4 ɗinka, T kuma 24.

Dubi wani abu kuma. A hanyarka ta farko, da gangar kilo 2 ce kacal, amsarka za ta fito 40, wato guga ya fi dutsen da aka saki hannu wofi saurin faɗuwa har ninki huɗu. Duk amsar da ta wuce g a irin wannan tambaya, ka san an yi ɓarin gari a hanya. Wannan ba tsatsa ba ce, rabin ajina haka suke yi, su da ba su taɓa barin makaranta ko na wata ɗaya ba.

Ɗan Aji Biyu: Malam da girmanka, a ɗakin jarabawa tambaya hamsin ce a kwamfuta, agogo na tafiya. Wa ke da lokacin zane biyu? Yayan nan kuma ga shago ga iyali. Ni dai shawarata ya haɗa fomuloli ashirin a takarda ɗaya ya riƙa bita kamar karatun allo.

Malamin Sakandare: Ranar da aka mayar da gangar ta zama mai rami fa? Ko aka rataya guga biyu, ɗaya a kowane gefe? Fomularka ta mutu, sai ka nemo ta ashirin da ɗaya. Zanen nan da kake raina wa, wanda ya saba ba ya cin masa daƙiƙa talatin.

Ɗan Aji Biyu: Mai rami ai sai a cire rabin, ya zama m + M.

Malamin Sakandare: Ka iya cirewa ne saboda ka san daga inda rabin ya fito. Ashe kai ma ba haddar zalla kake yi ba, baki ne kawai.

Gaskiya Ɗaci: Ni ku yi haƙuri, ba lissafin ne ya dame ni ba. Bawan Allah, kana da sana'a a hannu, ka riƙe gida shekara bakwai da ita. Me ya kai ka? Ka gama kana da shekara talatin da huɗu ko da biyar, ka fito ka tarar da masu digiri suna jan Keke. Shagon kuma ka bar wa yara, ka dawo ka tarar ko kwampreso babu. Ni na ga irin haka da idona.

Uwar Biyu: Haba Malam, mutum ya zo neman taimako a kan tambaya ka buɗe masa da wannan? Ni aure da haihuwa suka tsayar da ni shekara biyar, na koma, bara na gama. Da goyo nake shiga lakca, ƙawata ta riƙe mini shi a bakin taga in yana kuka. Babu wanda ya ce digiri zai ba shi kuɗi gobe. Amma wanda ya bar abu rabi da rabi shi ya san yadda yake ci masa rai.

Mai Faci, ga abin da na koya a aikace. Satin farko kunya ce za ta fi damun ka, yara za su riƙa ce maka Baba ko Daddy, wasu ma su miƙe in ka shigo suna zaton lakcara ne. Kar ka ja jiki. Nemi yaro ɗaya mai ƙoƙari ka riƙe shi, ka saya masa abinci in ta kama, ya riƙa turo maka abin da aka yi ranar da shago ya riƙe ka. Sannan ka duba bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, babu kuɗin ruwa a kansa. Batun bautar ƙasa kuma kar ya dame ka, wanda ya haura talatin lokacin gamawa takardar yafewa ake ba shi.

Gaskiya Ɗaci: Hajiya, ke akwai mai ciyar da ke lokacin. Shi fa shi ne mai ciyarwar. Da jami'ar karatu daga gida ya shiga, NOUN, ya riƙe shagonsa yana karatu da dare, da ban ce komai ba.

Mai Faci: Maganarka akwai gaskiya a ciki, kuma na yi tunanin hakan. Ƙanina na biye da ni ya kai ya riƙe shago, shekara huɗu yana hannuna. Ranar Asabar da Lahadi ina can. Injiniyanci nake so, ina son in taɓa injin da hannuna a ɗakin gwaji. Kuma mahaifinmu har ya bar duniya yana cewa shi ya ja mini. In na gama ko aiki bai samu ba, na sauke wannan.

Shugaban Zaure: Jama'a a koma kan karatu don Allah. Shawara an bayar, mai abu ya ji.

Injiniya: Mai Faci, ni abin da ya ba ni mamaki, kai ne fa ka fi kowa a ajinku sanin wannan darasi, ba ka dai gane shi ba ne da ya sa kayan boko. In noti ya ƙi kwancewa me kake yi?

Mai Faci: Fayif nake zura wa sufana in ƙara mata tsawo, in taka.

Injiniya: Shi ne ƙarfin murɗawa gaba ɗayansa. A ce noti na buƙatar ƙarfin murɗawa 110. Da sufana mai tsawon mita 0.25 sai ka danna da 440, kamar ka ɗora kilo 44. Da fayif mai mita ɗaya 110 ya isa, kilo 11 ke nan. Kuma ka san in fayif ɗin ya miƙe yana kallon sama, takawa ba ta yin komai sai ka kwantar da shi. Wannan shi ne sin θ ɗin da ke cikin fomular ƙarfin murɗawa, θ kusurwar da ke tsakanin fayif da takawar. Shi kuma I, ni nauyin juyi nake ce masa. Ba yawan kilo kaɗai yake dubawa ba, yana duba inda kilon ya zauna, kuma nisan ninka kansa yake yi. Kilo ɗaya a nisan taƙi biyu ya yi huɗun kilo ɗaya a nisan taƙi ɗaya. Shi ya sa ƙaton faifan ƙarfen nan na injin niƙa kaurinsa yake a baki, tsakiyar kuwa kusan wofi. Kakanninmu mata ma da suke sa gululu a gindin mazari, abin da suke nema ke nan, in an murza ya daɗe yana juyi.

Malamin Sakandare: Ga hanyar gwada amsarka ta ɗazu da makamashi, tunda kasuwanci ka sani. Guga ya sauka mita 2, jarin da aka fitar mgh = 80, h ɗin nisan saukar ne. Gudunsa a lokacin v² = 2 × 4 × 2, wato v = 4. Guga ya riƙe ½ × 4 × 16 = 32. Ganga tana juyi da sauri ω = 4 ÷ 0.2 = 20, ta riƙe ½ × 0.24 × 400 = 48. Haɗa 32 da 48. In ba su ba ka 80 ba akwai wanda ya ci kuɗi a hanya.

Mai Faci: Tamanin cif. Wallahi wannan ta fi shiga kaina. To ga ta biyu tunda kun buɗe ƙofa. Zobe, faifai cikakke, da ƙwallo cikakkiya, an sake su tare daga kan gangara suna mirginawa. Wa zai riga isa? Ba a ba da nauyi ba, ba a ba da girma ba. Na ɗauka an manta ne.

Gaskiya Ɗaci: Wannan ko ni da na bar kimiyya tun sakandare na sani. Wanda ya fi nauyi. Ka taɓa ganin tirela mai kaya a gangara?

Injiniya: Ba a manta ba, ba sa cikin amsar ne. Kowanne I ɗinsa wata lamba ce a ninka da MR². Zobe 1, faifai ½, ƙwallo cikakkiya 2/5. In ka rubuta mgh = ½mv² + ½Iω² ka sa ω = v/R, M zai fita, R zai fita, abin da ya rage a = g sin θ ÷ (1 + lambar), θ a nan kusurwar gangarar ce. A gangara mai digiri 30, g sin θ = 5. Ƙwallo 3.57, faifai 3.33, zobe 2.5. Dukansu jari ɗaya aka ba kowane kilo, amma zobe rabin nasa yake kashewa a juyi, faifai kashi ɗaya cikin uku, ƙwallo biyu cikin bakwai. Wanda ya fi rage ɓarna a juyi shi ke da na tafiya. A katako mai mita 2, lokacin da faifai ya isa ƙasa zobe yana mita 1.5.

Gaskiya Ɗaci: A takarda ke nan. Ni ban yarda ƙaramar ƙwallon boris za ta riga tayar tirela ba.

Malamin Sakandare: Ba sai ka yarda ba, gwadawa za a yi. Mai Faci, in ka koma gida nemi benci ko katako mai santsi, ɗaga gefe ɗaya da bulo, kar ya yi tsayi sosai. Nemi gwangwanin tumatir babba da ƙarami waɗanda ba a fasa ba, da gwangwani wofi, da na madarar ruwa. Tare su da ruler ko sanda ka ɗage lokaci ɗaya. Kafin ka saki, kowa a gidan ya faɗi wanda yake ganin zai ci.

Masanin kimiyya Galileo ma da irin wannan katakon ya yi aikinsa shekara ɗari huɗu da suka wuce, yana gangara ƙwallayen tagulla. Sa'ar da ya ci ita ce juyin kashi ɗaya yake ci ko yaushe, biyu cikin bakwai, don haka dokar da ya gano, cewa nisa yana tafiya da lokaci a ninka da kansa, ba ta ɓaci ba. Lissafin juyin kansa sai daga baya aka daidaita shi, sunan nauyin juyin ma masanin lissafi Euler ne ya raɗa a 1765.

Ɗan Aji Biyu: Ni wata tambaya ta taso mini. A lissafin Injiniya an yi amfani da makamashi kamar babu abin da ya salwanta, alhali an ce sai da gogayya abu ke mirginawa. Gogayya ai cin makamashi take yi. Ya aka yi?

Injiniya: Tambaya mai kyau, ka ga amfanin ƙin hadda. Gogayya tana cin makamashi ne in fuska biyu suna gugar juna. Taya mai mirginawa lafiya, ɗigon da ke taɓa ƙasa a wannan ƙiftawar a tsaye yake, saman tayar kuma yana tafiya da ninki biyu na gudun motar. Tunda ɗigon bai ja a ƙasa ba, gogayyar ba ta yi aikin da zai zama zafi ba, riƙo kawai ta yi, ta karkatar da wani kaso daga tafiya zuwa juyi. Mai Faci ya san baƙin layin nan na kan kwalta ba ya fitowa sai birki ya kame tayar ta daina juyi tana ja. Nan ne ake asarar, har da warin roba. Taya ta gaske tana ɗan lotsawa, tana ɗumama, amma a PHY 101 ana ɗauka ba ta lotsawa.

Uwar Biyu: Bari in ƙara wani abu da ya kayar da ni a tes ɗin farko da na koma, kar ya same ka. Radiyan, ma'aunin kusurwa da ake lissafin ω da shi. An ba ni juyi a minti na zuba shi kai tsaye cikin v = ωR. Dole sai ka mayar: zagaye ɗaya 2π ne, minti daƙiƙa 60. Ƙaramin janareta na gida yana yin zagaye 3000 a minti don ya ba da wuta mai 50 Hz, wato zagaye 50 a daƙiƙa, ω = 314. Sannan ka riƙa duba saman kalkuleta, D ne (digiri) ko R (radiyan). Yaro ya ara ya canja maka, ka danna sin 30 ta ba ka −0.988 kana ta mamaki. Ni sai da na koma littafin SS2 na yi sati biyu a kan kusurwoyi da warware lissafi mai harafi biyu kafin komai ya zauna. A ɓoye nake karanta shi, na naɗe bangon da jarida don kar 'yan aji su gani.

Malamin Sakandare: Wannan ita ce maganar. Wanda ya daɗe bai yi karatu ba, yawanci ba kimiyyar ce ke gudu ba, ƙananan kayan aikin ne. Ina ganin awa ɗaya bayan asuba kullum ta fi masa awa shida ranar Lahadi.

Mai Faci: Jama'a na dawo da rahoto. Jiya bayan isha'i muka yi a tsakar gida, na ɗora bencin alwala a kan bulo ɗaya, maiɗakina na haska mana da fitilar waya. Ita ta zaɓi babban tumatir, ɗiyata ta zaɓi wofi wai ya fi sauƙi, ni na yi shiru. Babban tumatir da ƙarami kusan tare suka faɗo, sau uku muna maimaitawa ba a iya raba su. Wofin kuwa kullum a baya, tazarar ta kai taƙi guda. Yarinya har da kuka, sai da na ce a bar mata gwangwanin. Amma madarar ruwa ta ba ni mamaki, ta riga tumatir duk da ba ta kai babban nauyi ba. Wannan ba ya cikin jerin Injiniya.

Injiniya: Ruwan da ke ciki bai cika juyawa tare da gwangwanin ba, kusan zamewa yake yi a ciki, ƙarfen kaɗai ke biyan kuɗin juyi. Tumatir mai kauri ne, dole ya juya gaba ɗaya kamar faifai cikakke. Sa madarar a firiza ta daskare ka sake gwadawa, za ka ga ta dawo sahun tumatir.

Gaskiya Ɗaci: To na ji na tumatir. Tirelar fa?

Injiniya: Tirela da mota iska ce ke raba su in gudu ya yi yawa, iska ta fi tasiri a kan mara nauyi. A bencin alwala gudun bai kai iska ta sa baki ba.

Gaskiya Ɗaci: Shi ke nan. Amma maganar shago ina nan a kan bakana, ka riƙa duba littafin ciniki da kanka duk sati.

Mai Faci: In sha Allahu, na gode Yaya. Malam, ga wadda ta rage a takardar. Mutum na zaune a kujera mai juyi, irin ta masu aski, ya miƙe hannuwa riƙe da nauyi. Ya janyo hannuwan jikinsa, I ya ragu zuwa rabi. Na gane Iω ba ya canjawa tunda babu mai murɗa shi daga waje, don haka ω ya ninka. Amma da na lissafa ½Iω² sai na ga makamashin ma ya ninka. Ɗazu kun ce kuɗi ba ya ɓata kuma ba ya ƙaruwa haka kawai. Wa ya ƙara jarin?

Malamin Sakandare: Lissafinka daidai ne, ya ninka ɗin. Ba zan faɗa maka ba tukuna. Gobe ka je wajen mai askinka da gorar ruwa biyu manya, ka hau kujerar, a juya ka, ka janyo hannuwan a hankali. Ka lura da abin da damatsanka za su ji, sannan ka dawo mu yi magana.

Ɗan Aji Biyu: Yaya in za ka je ka faɗa mini, ina so in ɗauki bidiyo.

Mai Faci: Bidiyo kam a'a, a unguwar nan ana ganin girmana. Bayan la'asar zan je, lokacin babu layi.